Sandar tuƙin marigayi Yayana ta ƙi shiga laftof, wasan kuma ba ya ganin hannun da na saya

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan an yi isha'i lafiya. Wata matsala ce ta hana ni sukuni kwana uku ke nan, na ce bari in kawo ta gaban masu sani.

Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin soro a gidanmu na Rafindadi, sai na ci karo da kwalin marigayi Yayana, Allah ya jiƙansa. A ciki akwai faya-fayan CD da sandar tuƙinsa, joyistik ɗin nan mai tsayuwa kamar giyar mota, da kunama a gaba da wani ɗan gare a gindi na ƙara gudu. Da ita muke buga wasan tuƙin jirgi mai suna Descent a kwamfutarsa mai Windows 98, shi yana tuƙi, ni ina tsaye a bayansa ina jiran jirginsa ya tarwatse ya miƙo min. Har yanzu robar ta yi sulɓi daidai inda babban yatsansa yake zama. Da na riƙe ta sai da na zauna.

Ina so in nuna wa Khalifa wasan nan da wannan sandar. Wasan dai ya tashi a laftof ɗina mai Windows 11 ta cikin DOSBox, manhajar buga tsofaffin wasanni, wani yaro ne ya haɗa min. Amma kan wayar sandar mai ƙusa 15 ne, ya ƙi shiga ramin da ke gefen laftof ɗin duk da shi ma 15 ne. Da na ga haka sai na sayo hannun gem na USB, tagwayen nan masu waya ɗaya. Idan na jona ina jin ƙarar da Windows ke yi, amma wasan ya ce babu joyistik. Ina mafita?

Abba Mai Gem: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Yaya ya kyauta namu zuwan. Oga gajeriyar hanya ita ce a yi wa laftof ɗin fomat a ɗora Windows 7. Kwamfutoci huɗu gare ni a shago nan Sabuwar Unguwa, duk 7 ne, kuma irin hannun da ka saya shi yara ke murza tun safe har dare.

Injiniya Ƙofar Marusa: Amin. Baban Khalifa, kafin komai, don Allah kada ka sake gwada tura kan nan a ramin gefen laftof. Ka ƙirga layin ƙusoshin. Na sandar layi biyu ne, takwas a sama bakwai a ƙasa. Na laftof layi uku ne, biyar-biyar, yawanci shuɗi. Wancan VGA ne, na jona allo ko majigi. Adadin ne kawai ya zo ɗaya, ba su haɗa komai ba. Ka matsa masa ka lanƙwasa ƙusa, ka jawo wa kanka aiki.

Baban Khalifa: Sau biyu na gwada, da na ji ya ƙi na bari. Na duba yanzu da fitilar waya, babu wadda ta lanƙwashe, alhamdu lillahi.

Ɗan Kusugu: Yallaɓai ka sauke x360ce ka zuba a foldar wasan, sannan ka shiga Windows Features ka kunna DirectPlay. Ni da haka na gyara nawa a hostel, minti biyar bai kai ba.

Malama Maman Ilham: Allah ya gafarta wa Yaya. Ni dai ina ganin an fara ba da magani ba a san ciwon ba. Malam, abu biyu ka kawo mana, kuma kowanne da hanyarsa. Sandar Yaya daban, hannun USB daban. Mu fara da hannun tunda shi ne mai sauƙi.

Ka rufe wasan. Ka jona hannun, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta joy.cpl ka danna Enter. Wata 'yar taga za ta buɗe. Ka faɗa mana abin da aka rubuta a ciki. Sannan ka shiga Properties ka juya sandunan ka ga ko ɗan kuros ɗin da ke cikin akwati yana motsi, ka daddanna maɓallai ka ga ko lambobin suna haske. Idan Windows ba ta gan shi a nan ba, babu wasan da zai gan shi. Idan ta gan shi, to laifin yana gaba, ba sai an taɓa direba, wato manhajar da ke sa Windows ta gane hannun, ba balle fomat.

Baban Khalifa: To Malama, na yi. Suna ɗaya ne ya fito har sau biyu, duka an rubuta OK a gabansu. Na shiga na farko, ina dannawa babu abin da ke haske. Na shiga na biyu, lambobi suna haske. Amma idan na juya sandar dama, maimakon wani abu ya motsa sai lambobi 1 zuwa 4 su riƙa kamawa.

Abba Mai Gem: Wannan kam na san shi kamar yunwar cikina. Oga akwai wani ɗan maɓalli a tsakiya an rubuta Analog ko Mode. Danna shi har jar wuta ta kama. Idan wutar nan ba ta kunne, sandar hagu aikin kibiyoyi take yi, ta dama kuma aikin maɓallai huɗun nan. Kullum sai yaro ya zo min da kuka wai hannu ya lalace, in je in tarar wutar ce a kashe. Kuma yawancinsu duk lokacin da aka cire aka mayar sai an sake dannawa.

Baban Khalifa: Wallahi haka ne, jar wuta ta kama, yanzu kuros ɗin yana tafiya a hankali yadda na juya. Allah ya saka da alheri Abba.

Malama Maman Ilham: Madalla. Ka ga kuma mun gano abu na biyu ba tare da mun nema ba: wanda kake riƙe da shi shi ne na biyu a lissafin Windows. Ɗayan da ka ajiye a gefe shi ne na ɗaya. Tsofaffin wasanni da yawa na ɗaya kawai suke saurare. Ka ɗauki wancan, ka manna masa ɗan selotef don ka riƙa gane shi.

Ɗan Kusugu: Malama to ai da ya sa x360ce ɗin da duk an huta, shi yana jera su da kansa.

Malama Maman Ilham: Ƙanena, x360ce abu ne mai kyau, amma ba nan ne wurinsa ba. Bari in ɗan tsawaita don kowa ya amfana, saboda wannan ruɗanin shi ke cinye wa mutane data.

Wasa da hannu sai sun yi yare ɗaya suke jin juna, kuma yaren ya canza sau da yawa. Wasannin DOS irin su Descent, wanda ya fito a 1995, ba su san USB ba sam, ramin gem na tsofaffin kwamfutoci, mai ƙusa 15 irin wanda sandar Yaya ke shiga, suke leƙawa kai tsaye. Da Windows 95 ta zo sai Microsoft ta kawo DirectX, a cikinsa akwai DirectInput, shi ne yaren wasannin ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2000, irin su PES 6 da Need for Speed Most Wanted na 2005. A 2005 ɗin kuma aka fito da Xbox 360, da shi aka kawo XInput, wanda yawancin wasannin yau suke ji.

Shi x360ce tafinta ne mai fassara ta gefe guda: yana ɗaukar hannu mai arha mai yaren DirectInput ya nuna wa sabon wasa kamar hannun Xbox 360 ne. Wato sabon wasa, tsohon yare. Na Malam kuwa wasan ne tsoho. Descent bai taɓa jin sunan XInput ba, shekara goma ya girme shi. Ka zuba masa xinput1_3.dll a folda, ko kallon fayil ɗin ba zai yi ba.

DirectPlay kuma na haɗa 'yan wasa ta netwok ne. Gaskiya ne wasu tsofaffin wasannin Windows ba sa tashi sai an kunna shi, shi ya sa mutane ke ɗauka maganin komai ne. Babu ruwansa da joyistik.

Ɗan Kusugu: Na fahimta Malama. Nawa FIFA ne na baya-bayan nan, shi ya sa ya yi min aiki ke nan. Na gode da gyara.

Abba Mai Gem: Ni dai har yanzu ina kan bakata. Duk wannan dogon turancin, da 7 ne da ba a yi shi ba.

Injiniya Ƙofar Marusa: Abba, ka yi haƙuri, a nan ba na tare da kai. Ko a 7 ne sai ya danna Analog, ko a 7 ne hannu na biyu na biyu ne. Sandar Yaya kuma 7 ba ta da abin da za ta yi mata, don tun Windows Vista a 2007 Microsoft ta cire goyon bayan ramin gem ɗin, ita 7 kuwa a 2009 ta zo. Ga shi an daina yi wa 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020. Kwamfutocin shagonka wasa kawai suke yi, ba laifi. Wannan bawan Allah da ita yake aikin ofis, wataƙila har banki yake shiga. Ƙari a kan haka, faifan 7 bai zo da direban USB 3 ba. Na sha karɓar laftof da wani ya ɗora wa 7, ramukan USB duk sun mutu, waya-fai babu, sai mun mayar da ita inda ta fito.

Abba Mai Gem: Injiniya kai kana magana ne a matsayin mai gyara, ni ina magana a matsayin wanda yara goma ke tsaye a kansa an kawo wuta na awa biyu. Ba ni da lokacin bin fayil-fayil. Abin da ya tashi nan take shi ne nawa.

Injiniya Ƙofar Marusa: Ban ƙi taka ba a shagonka. Amma fomat ɗin ma ai awa biyun zai ci, ya haɗa da takardun mutum.

Kawu Admin: Jama'a a bi a hankali, kowa alheri yake nufi. Kuma ina tunatarwa, kada wanda ya turo mana adireshin sauke direba daga shafukan da ba a san asalinsu ba. Irin hannun nan Windows tana da direbansa a cikinta, HID ake ce masa. Ɗan faifan da ke zuwa a kwali yawanci don jijjiga ne kawai.

Baban Khalifa: Na canza hannu, wuta ja tana kunne, na buɗe wasan. Har yanzu shiru, ya ce bai ga joyistik ba.

Malama Maman Ilham: To yanzu mun iso inda matsalar take, wato DOSBox. Aikinsa shi ne ya yi wa wasan kwaikwayon tsohuwar kwamfuta, har da ramin gem na ƙarya, sai ya ɗauki motsin hannunka ya zuba a ciki. Idan ka buɗe shi taga biyu ke fitowa, ɗaya ta wasa, ɗaya baƙa mai rubutu a baya. Duba baƙar. Idan ya ga hannun za ka ga layi mai farawa da Using joystick, da sunan hannun da yawan maɓallansa. Akwai?

Baban Khalifa: Babu wannan layin ko kaɗan.

Malama Maman Ilham: Hannun yana jone kafin ka buɗe, ko bayan ka buɗe ka jona? DOSBox 0.74 sau ɗaya yake dubawa, lokacin tashi. Idan ka jona daga baya ba zai waiwayo ba.

Baban Khalifa: Yana jone tun ɗazu ban cire ba.

Malama Maman Ilham: To nemi fayil mai ƙarewa da .conf, ko dai a foldar wasan ko ta DOSBox Options a Start. Buɗe shi da Notepad, ka gangara sashen joystick, ka karanto min abin da ke gaban joysticktype.

Baban Khalifa: An rubuta joysticktype=none.

Malama Maman Ilham: Ga ɓarawon nan. An gaya masa ne kada ya nemi joyistik kwata-kwata. Mai yiwuwa wanda ya haɗa kunshin da kibod yake wasa, sandar ƙarya tana ja masa jirgi gefe, ya kashe ta. Ka goge none ka rubuta 4axis. Kada ka sa auto. Dalili kuwa, auto idan ya ga hannu biyu sai ya zaɓi 2axis, ya raba ramin gida biyu, kowane hannu ya samu maɓalli biyu kacal. Shi 4axis yana ba hannun farko duka: hanyoyin motsi huɗu da maɓalli huɗu. Da a ce na biyun kake so, 4axis_2 za ka rubuta. Ka yi sebin, sannan idan akwai fayil mai ƙarewa da .map ka matsar da shi wani wuri, don yana riƙe da tsohon tsari.

Baban Khalifa: Allahu Akbar! Layin ya fito, wasan ya ce in kai sanda kusurwar hagu ta sama in danna, in kai dama ta ƙasa in danna, in bar ta a tsakiya. Ina tuna wannan allon, haka Yaya yake yi duk lokacin da zai fara. Sai dai jirgin yana ta juyawa hagu shi kaɗai ko ban taɓa komai ba.

Injiniya Ƙofar Marusa: A wannan sashen dai, ƙasa kaɗan, akwai timed=true. Mayar da shi false, ka sake saitin kusurwoyin nan daga farko. Idan kuma ya fi lalacewa ka mayar da shi yadda yake, wasu wasannin true suke so.

Baban Khalifa: Ya tsaya cak. Dare ya yi, Khalifa ya yi barci, gobe in sha Allahu zan nuna masa. Amma gaskiya zuciyata tana kan sandar. Hannun nan na roba ba shi na zo nema ba.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum. Da asuba na ga zancen naku, jikata ce ta karanta min don idon ya yi rauni. Yaro, Allah ya jiƙan ɗan'uwanka. Sandar nan kada ka yar, irinsu sun fi na yanzu ƙwari, kuma gyaransu bai da wuya in ka san mi ke ciki.

Ramin gem ɗin nan IBM ta fito da shi a 1981, kati ne daban ake saya a soka. Daga baya masu katin sauti, irin Sound Blaster na 1989, suka riƙa haɗa shi a jikin katinsu, shi ya sa za ka gan shi kusa da inda ake jona lasifika. Cikin sandar babu wani abin mamaki. Bolum ne guda biyu irin na rediyo, kowane kilo-om 100, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na gaba da baya. Kwamfuta ba ta karanta lamba daga gare su. Wani ɗan kafasito take cikawa da wuta ta cikin bolum ɗin, tana ƙirga tsawon lokacin da ya ɗauka. In sanda tana gefe guda ya cika da wuri, in tana ɗaya gefen ya daɗe. To ƙirgan nan ya danganta da saurin kwamfutar, shi ya sa kowane wasa sai ya ce ka kai kusurwa ka danna, shina auna sandarka da injinka ne. Abin da Injiniya ya sa ka canza jiya, timed ɗin nan, kwaikwayon wannan ƙirgan ne.

Kafin ka kashe ko kwabo, kai ta wurin mai gyara da ke da mitar awon kayan wuta. A sa mita a kan om, a ɗora tsinke ɗaya a ƙusa ta 1, ɗaya a ta 3, a juya sanda hagu da dama. Ya kamata lamba ta tashi daga kusan sifili zuwa wajen 100, tsakiya wajen 50, tana hawa sumul ba tsalle. Sai 1 da 6, gaba da baya. Kunama kuma 2 da 4, in an danna lamba ta sauka kusan sifili. Garen nan na gudu galibi a ƙusa ta 13 yake. Lambobin suna rubuce ƙanana a jikin robar kan, sai da haske za a gani.

Baban Khalifa: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan bayani ko a makaranta ban samu ba. Idan mita ta nuna lafiyarta lau, me zan saya?

Baba Mai Ritaya: Adafta daga ramin gem zuwa USB. Amma ka kula, iri biyu ne. Akwai wadda waya ce zalla babu komai a ciki, an yi ta ne don wasu sanduna da tun asali sun iya USB, ba za ta yi maka ba. Wadda kake so mai ɗan akwati ce da cif a ciki, ita ke yin ƙirgan da na faɗa ta miƙa wa Windows. Wasu suna da makunni mai matsayi uku ko huɗu na zaɓen irin sanda. Kuma ka duba gindin sandar. In ka ga an rubuta SideWinder ko digital, to magana ta canza, don su ba bolum suke aikawa ba, lambobi suke turawa ta ƙusoshin maɓalli, adafta ta gama-gari ba ta jin su.

Baban Khalifa: Na duba Baba, babu ko ɗaya. Akwai dai wasu 'yan gare biyu ƙanana a gefe, ɗaya X ɗaya Y.

Baba Mai Ritaya: To analog ce, ka huta. Waɗannan na daidaita tsakiya ne. Ka bar su a tsakiyarsu kafin a auna.

Injiniya Ƙofar Marusa: Ranka ya daɗe Baba, mun ƙaru. Baban Khalifa kawo ta shago bayan la'asar in auna maka, ba sai ka biya ba. Adaftar ce ban taɓa gani a kasuwar nan ba, sai dai in sa a duba mana Kano wajen Beirut Road, ko a yi oda. In duk ta faskara, ana haɗa adaftar da wani ɗan allon lantarki mai suna Arduino Pro Micro, don cif ɗinsa ATmega32U4 yana iya nuna kansa a matsayin joyistik na USB. Aikin dalma ne kaɗan da resisto.

Ɗan Kusugu: Injiniya idan za ka haɗa ta Arduino don Allah ka sanar da ni, ranar Asabar zan shigo Katsina daga Daura, ina so in gani da idona. Sannan Yallaɓai, akwai DXX-Rebirth, an sake gina injin Descent ne don sababbin kwamfutoci. Fayil biyu kawai yake buƙata daga CD ɗinka, descent.hog da descent.pig. Yana ganin USB kai tsaye ba sai da DOSBox ba, hoton ma ya fi fitowa.

Malama Maman Ilham: Wannan shawarar kam ta zauna, ƙanena. Ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda wasan kawai yake so.

Baban Khalifa: Na gode, zan ajiye ta. Amma ni yadda yake ɗin nan nake so, da hotonsa mai tsakuwa-tsakuwa da allon kai sanda kusurwa. Shi na sani.

Abba Mai Gem: Tunda masana sun hallara bari ni ma in shigar da tawa. Wani ya kawo min hannun Xbox 360 mai waya na saya. A sababbin wasanni lafiya lau. A Most Wanted kuwa, in na sa totur a kunamar dama, birki a ta hagu, sai yaro ya danna duka biyu mota ta yi kamar ba a taɓa komai ba. Na ɗauka hannun ne ya samu matsala har na kwance shi.

Malama Maman Ilham: Lafiyarsa ƙalau Abba. Shiga joy.cpl ka gani da idonka: kunamun biyu a layi ɗaya suke, Z Axis. Ta dama tana ja gefe, ta hagu tana ja ɗaya gefen, in an danna duka sai su koma tsakiya. Haka direban hannun yake nuna su ga duk wasan da ke yaren DirectInput, jijjiga ma ba ya bayarwa ta nan. Ko dai ka mayar da birki kan maɓalli, ko ka nemi XInput Plus, shi ne tafintan da ke fassara ta ɗaya gefen, yana iya raba su. Nan gaba in za ka saya wa shago, akwai masu makunni a baya, X da D, kamar Logitech F310. Tsohon wasa ka tura D, sabo ka tura X.

Abba Mai Gem: Kuma a Windows 7 ɗin nan nawa yake yin haka.

Injiniya Ƙofar Marusa: Shi ne abin da nake faɗa maka jiya.

Abba Mai Gem: Na ji, amma ban sauka daga 7 ba tukuna. Birki dai ya koma maɓalli, yara sun ce ya yi.

Kawu Admin: Wanda duk ya gwada wani abu ya dawo ya faɗa mana sakamako, kada a bar zance a rataye.

Baban Khalifa: Salam jama'a, yau kwana tara, ga rahoto. Injiniya ya auna sandar. Gaba da baya lafiya, amma hagu da dama mita tana tsalle, daga 30 sai ta faɗa 80 ta dawo. Ya kwance gindin, sukurori huɗu. Abin da muka tarar a ciki ƙurar hunturu ce ta shekaru ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar ƙuli, har da gawar wani ɗan ƙwaro a maƙale jikin sifirin. Ya fesa maganin goge kontak a cikin bolum ɗin, ya yi ta murza shi hagu da dama ya fi sau hamsin, ya bari ya bushe. Da aka sake aunawa lamba tana hawa tiryan-tiryan. Waya ɗaya ta kunama ta kusa tsinkewa, ya ɗana mata dalma.

Adaftar ta iso daga Kano shekaranjiya, mai akwatin ce. Da farko joy.cpl bai nuna komai ba a ramin USB mai shuɗin ciki, na mayar baƙin ramin da ke ɗaya gefen sai ta fito. Na shiga Settings na yi Calibrate. Na cire tagwayen hannun gaba ɗaya don kada su ƙwace matsayi na ɗaya, na buɗe wasan.

Jiya bayan magariba Khalifa ya zauna a kan cinyata ya kama sandar da hannu biyu, don tafinsa bai kai ya zagaye ta ba. Ya yi ta karo da bango yana dariya. Hajiyarmu tana zaune a tabarma tana lazimi, da ta ji ƙarar harbin nan sai ta ɗago ta ce, wannan ba abin Yayanku ba ne? Ta taso ta zo ta dafa sandar, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba, Malama, Injiniya, Abba, Ɗan Kusugu. Abu ɗaya ya rage: garen gudu yana motsi a joy.cpl, amma a wasan in na tura shi ba ya ƙara gudu.

Baba Mai Ritaya: Alhamdu lillahi. Allah ya kai rahama kabarinsa, ya raya Khalifa. A gaida Hajiya.

Malama Maman Ilham: Amin ya Allah. Malam, koma fayil ɗin .conf, a sashen nan dai akwai swap34=false, mayar da shi true. Wataƙila adaftar ta miƙa garen a matsayin hanya ta uku, shi kuwa tsohon tsarin a ta huɗu yake, ƙusa ta 13 da Baba ya ambata. Bayan haka ka shiga saitin joyistik na cikin wasan, ka je kan throttle ka danna Enter ka murza garen don ya kama shi. In ya zo a juye, gaba ta zama baya, akwai invert a gefensa.

Baban Khalifa: To Malama. An ɗauke wuta yanzu kuma cajin ya yi ƙasa, in an kawo zan gwada in faɗa muku.

Ɗan Kusugu: Injiniya, maganar Arduino tana nan? Na samo wata tsohuwar sitiyari mai irin wannan kan a wurin kawuna a Daura, har da feda.

Injiniya Ƙofar Marusa: Tana nan. Taho da ita Asabar, ka zo da fedar duka, mu fara sa mata mita.